Gangaren Keken Lawan

Ranar Talatar da ta wuce na bi ta wani gini da ake yi a hanyar Roni, na tarar da uku daga cikinku suna zuba gangaren keken guragu a ƙofar shiga. Sun jingina katako biyu daga baranda zuwa ƙasa, sun cika tsakiya da ɓaraguzai, sun kwarara kankare, ɗaya yana ta gogarsa da cokali har yana ƙyalli. Na tambaye su tsawonsa ƙafa nawa ne, suka ce ba su auna ba, ai gangare ne kawai, ba bene ba. Ban ce musu komai ba, don aikin ba nawa ba ne, kuma na gaji da yin magana a tsaye cikin rana. Amma tunda yau kuna zaune, bari in ba ku labarin yadda na koyi wannan ɗan aikin da kuke gani kamar wasa. Na haura shekara arba'in da cokalin gini a hannuna, kuma fiye da rabin shekarun nan ban iya shi ba.

A hannun Baba Tanko na koyi gini, nan Kazaure. Mutumin Roni ne kamar ni, shi ya sa mahaifina ya damƙa ni gare shi. Shekara biyu cur bai bar ni na taɓa cokali ba. Kwaɓa, jiƙa bulo, ɗaukar kwanon sarki a ka, wanke cebur in an tashi. Da ya ga na natsu sai ya ba ni igiya, daga nan fulam, ƙarfen nan mai tsini da ake ratayawa a duba miƙewar bango, daga ƙarshe ma'aunin ruwa, na duba ko shimfiɗa ta daidaita. Nasa na katako ne, ya yi baƙi saboda tsufa, a cikin tsohon rawani yake naɗe shi. In ka kuskura ka ajiye shi a ƙasa, ranar nan har a tashi ba zai yi maka magana ba.

Matakala ita ce alfaharin Baba Tanko. Yakan ce ƙafar mutum tana haddace tsayin taki na farko, in na uku ya ɗara shi da faɗin yatsa ɗaya, to mutum zai yi tuntuɓe ko da rana tsaka. Na sha rushe matakala biyar saboda faɗin yatsa. Kuma a ƙasarmu dole gini ya tashi daga ƙasa, don in damina ta kankama ruwa daga kan duwatsun nan yake gangarowa da ƙarfi, in ba ka ɗaga tushe ba sai ya shiga ɗaki. Ban da ruwa kuma akwai son girma. Mai gini yana so a ɗaga kai kafin a shigo masa. Da aka ƙirƙiro jihar Jigawa aiki ya buɗe mana, ofisoshi, ajujuwa, ɗakunan shan magani, daga Roni zuwa Gwiwa, daga Achilafiya zuwa Babura. Ko'ina matakala muka zuba, masu kyau, masu kaifin baki. A duk shekarun nan ban taɓa jin Baba Tanko, ko ɗan kwangila, ko injiniya ya tambayi yadda wanda ba ya taka ƙasa zai shiga ba. Ni ma ban tambaya ba.

Akwai wani ofis da na yi wa gyaran baranda a wajen Gwiwa, ranar kasuwa, bayan an kwana ana ruwa. Matakalarsa tara, da hannuna na zuba su shekaru kafin nan. Ina durƙushe ina shafe sai ga wata mata a keken guragu, an turo ta har gindin matakala. Takarda take so a sa mata hannu. Ta aika ciki sau biyu, aka ce mai sa hannun ba ya fitowa, sai dai ta shigo. Sai ta cire silifas ɗinta ta zura a hannuwa, ta sauko daga keken, ta fara hawa da rarrafe, zaninta yana jan taɓo. Mutane suka dare mata, wasu suka kau da kai. Da ta iso saman ta tsaya kusa da ni tana maida numfashi, ta dubi sabon shafena ta ce, "Malam, yi haƙuri, zan ɓata maka aiki." Na ce babu komai. Ta wuce, na ɗauki cokali na goge sawun gwiwoyinta daga kan simintin. Abin da na yi ke nan ranar, kuma na koma gida ina ganin na yi mata kirki tunda ban yi faɗa ba.

Daga baya aka zo da doka cewa duk ginin jama'a a yi masa hanyar keke. A takarda abu ne mai kyau. A wurin aiki kuwa, sai an gama gini kaf, an yi fenti, ana jiran masu duba aiki, sannan ɗan kwangila zai tuna. Zai kira ka ya ce, "Malam Idi, manna mana ɗan gangaren nan kafin jibi." Sai ka dubi inda ya rage, ka manna shi a gefen matakala, tsawonsu ɗaya, tsayinsu ɗaya. Masu duba aiki su zo su gani, su yi alama a takarda, su shiga mota. Na zuba irin wannan ya fi a ƙirga. Akuya ma sai ta yi shawara kafin ta hau wasunsu.

Na wani ɗakin shan magani a ƙasar Babura shi ne ya jawo mini shekarar da ba na mantawa. Barandar ta kai ƙafa uku daga ƙasa, wurin da aka bar mini bai fi ƙafa takwas ba, don a gaba akwai kwata. Tayil ya ragu daga na cikin ɗakuna, fari mai sulɓi, ɗan kwangila ya ce in shimfiɗa shi a kai don ya yi kyau a hoto. Na shimfiɗa, na cike tsakaninsu da farin siminti, na goge. Wallahi ya yi kyau. Na ja da baya na kalle shi kamar yadda Baba Tanko yake kallon matakalarsa.

Bayan wata huɗu aka kira ni in yi musu ramin ruwan wanka a bayan ginin. Mai gadi ne ya nuna mini tayil biyu da suka tsage, ya ba ni labari. Wani mai gyaran rediyo a kasuwar Babura, Lawan, wanda shan inna ya shanye wa ƙafafu tun yana ƙarami, matarsa ta haihu a nan da safe. Aka aika masa, ya rufe rumfa ya taho a kekensa, irin mai tuƙi da hannu, yana so ya yi wa jaririyar huɗuba da bakinsa. An wanke baranda, ruwa ya gangaro kan tayil. Ya ɗauko gudu daga nesa don ya samu ƙarfin hawa, ya kai rabi, tayar baya ta zame, keken ya dawo da baya ya kife da shi cikin kwata. Hannunsa na dama ya karye a wuyan hannu. Wan matarsa ne ya yi wa yarinyar huɗuba, shi kuwa yana kwance a ɗakin da ke kusa ana tsayar masa da jini a goshi.

Maganar ta bazu, kuma da sunana ta bazu. Ɗan kwangila ya ce shi gangare ya ce a yi, bai ce a yi tarko ba, magini ne bai san aikinsa ba. Ya daina kirana, abokansa ma suka daina. Daminar shekarar kuma ta zo da gardama, gero bai yi ba, wanda ya yi niyyar ɗaga ɗaki ya fasa. Na koma liƙe tsagar bango, gyaran kwata, ɗaga katangar da ruwa ya kayar. Mutumin da ya zuba ofisoshi ya koma yawo da kwano ɗaya da cokali a bayan keke, yana tambayar ko akwai gyara. A wurin shan shayi in na zauna sai wani ya ce, "Ga mai gangaren Babura." Ba da mugunta ba, amma ya zame mini suna.

Sai da na yi sati uku ina ɗagawa kafin na je gidan Lawan. Na tarar da shi a zaure kan tabarma, hannun a ɗaure da karare da tsumma irin na masu ɗori, keken a jingine da bango, ƙarfen tuƙin a lanƙwashe. Mutum ne siriri mai faɗin kafaɗu, ba zai wuce shekara talatin da biyar ba a lokacin. Na yi sallama, na faɗi sunana.

Ya ce, "Kai ne mai tayil?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "Zauna, Malam Idi. Na ɗauka ƙato ne."

Na fara ba shi haƙuri, ina cewa wuri ne ya yi kaɗan, kuma umarni aka ba ni. Ya bar ni na gama. Sannan ya ɗaga hannun da ke ɗaure ya ce, "Kai in ka karya hannu, ƙafa za ta kai ka masallaci. Ni wannan shi ne ƙafata, shi ne kuma sana'ata. Yau kwana arba'in ke nan, in zan zaga bayan gida sai mai jego ta ja ni a kan tabarma. Ban kira ka ba, amma tunda ka zo, ba haƙuri nake so ba. In hannun ya warke zan aiko maka, mu haɗu a wurin."

Yanzu an ce a riƙa cewa masu buƙata ta musamman, kuma ina ƙoƙari. Lawan kuwa gurgu yake ce wa kansa. Ya taɓa ce mini sunan bai taɓa hana shi shiga ko'ina ba, matakala ce take hana shi.

Hannun ya warke a karkace. Bayan wata biyar ya aiko, muka haɗu a ƙofar ɗakin shan maganin da hantsi. Ya sauko daga keken ya zauna a kan dakali, ya ce in hau. Na yi dariya, na ga shi ba dariya yake ba, sai na hau. Ya ce in naɗe ƙafafuna, kada in taka ƙasa ko me zai faru. A lokacin ina ɗaga buhun siminti ni kaɗai. Na kama tuƙin na murza, tayar gaba ta hau, na kai kamar ƙafa uku, sai na ji nauyin duk ya koma baya, gaban keken yana neman ɗagawa. Na sa ƙafa na tare. Ya ce a sake. Na sake, na sa ƙafa. A karo na uku na ɗauko gudu kamar yadda ya yi, na kai rabi, tayar ta zame a busasshen tayil, ba ma jiƙaƙƙe ba, na diro da ƙafa biyu na riƙe keken. Mata masu jiran awo suna zaune a baranda suna kallo, babu wadda ta yi dariya.

Lawan ya ce, "Sau uku ka sa ƙafa. Ni wace zan sa?"

Shugabar wurin ta yarda a rushe, muddin ba za a ce ta kawo kayan aiki ba. Abokan Lawan na kasuwa suka kawo yashi da tsakuwa a amalanke, wani mai shago ya ba da siminti. Amma kafin in fasa tayil ɗaya, Lawan ya ce sai mun gwada. Muka ari dogayen katakai muka je wani fili a bayan kasuwa, muka jera bulo, muka ɗora katako a kai, yana hawa da raunannen hannunsa. In ya yi tsayi ya ce a ƙara tsawo. Kwana biyu muna wannan, ina riƙe da tef ina rubutawa a jikin bulo da gawayi. Inda muka tsaya shi ne, duk inci ɗaya na tsayi yana son ƙafa ɗaya ta tsawo. Daga baya wani injiniya ya ce mini haka yake a littafinsu. Na ce to, da an buɗe littafin tun farko.

Ku lissafa da kanku. Baranda mai ƙafa uku tana son gangare mai ƙafa talatin da shida. Shi ya sa ba a manna shi daga baya, tun ranar da ake jan igiyar tushe ake fitar masa da wuri. Kuma tsawo kaɗai ba ya isa. A tsakiya sai ka bar wuri shimfiɗaɗɗe inda mutum zai tsaya ya huta ba tare da keken ya koma baya ba. A sama ma haka, gaban ƙofa, don in ƙofa waje take buɗewa, kuma mutum yana kan gangare, da wane hannu zai ja ta, da wane zai riƙe taya? A gefe ka ɗaga ɗan baki kamar inci huɗu don kada taya ta faɗa. Ƙarfen riƙewa kuma biyu, na mai tsaye da na mai zaune. Keken tuƙi da hannu dogo ne, ba ya juyawa a inda keken turawa yake juyawa, saboda haka kwana tana son fili. Kwata in ta ratsa gaba, a rufe ta da murfin da ramukansa ba za su haɗiye taya ko sandar makaho ba. Shafe kuwa, ku ajiye cokalin nan da kuke gogawa har yana ƙyalli. In kankare ya fara kamawa, tsintsiyar kwakwa za ka ɗauka ka ja ta a kwance, daga gefe zuwa gefe, ta bar zane-zane. Ba ya kyau a hoto. Duk wannan babu wanda na koya a wurin magini. Mai gyaran rediyo ne ya koya mini, yana zaune a inuwa yana cewa, "A'a, Malam Idi, sake."

Shi kuwa bai koma gyaran rediyo sosai ba. Yatsun sun daina riƙe ƙananan kusoshi, in ya kama ƙarfen liƙi hannun yana rawa. Mutanen ƙetaren iyaka da suke kawo masa rediyo ranar kasuwa suka koma wurin wani. Ya koma sayar da batir da tocila a rumfar. Bai taɓa ce mini ni na jawo ba, ni ma ban taɓa ce masa ba ni ba ne.

Aikin da na fi zuba ƙarfina a kai shi ne ɗakin kayan tarihi na Malam Garba, wani tsohon hedimasta a nan Kazaure. Tun yana koyarwa yake tara kayan da: zugazugin maƙera, masaƙa, akussa, bindigar toka, tukwanen da ba a yin irinsu yanzu, har da wuri da aka yi ciniki da shi kafin kuɗin takarda. Da ya yi ritaya sai ya ce zai gina musu ɗaki a filin gidansu, a kan wani fa, don 'yan makaranta su riƙa zuwa suna gani. Shi ne mutum na farko da ya ba ni babban aiki bayan abin Babura. Ranar da muka ja igiya na auna, daga hanya zuwa daɓen ɗakin ƙafa huɗu ne.

Na ce, "Ranka ya daɗe, gangare zai ci ƙafa arba'in da takwas, ban da wurin hutawa. Ina so ya zo ta gaba, kowa ya shiga ta ƙofa ɗaya."

Ya dubi zanen da ya yi da hannunsa, mai faffaɗar matakala a gaba da ginshiƙai biyu. Ya ce, "Malam Idi, shekara ashirin ina ganin gaban ɗakin nan a raina. Ba za a iya bi da shi ta gefe ba?"

Za a iya. Na yi gardama kwana biyu, na ga zan rasa aikin gaba ɗaya, na sakar masa. Muka fasa ƙofa ta biyu a bangon kudu, gangaren ya taso daga hanya, ya bi jikin fa, ya yi kwana ɗaya, ya ƙare a wannan ƙofar. Sai da muka fasa dutse da guduma da kurfi sati biyu kafin kwanar ta samu fili. Tafin hannuna ya fashe, na ɗaure da tsumma na ci gaba. In da zan sake, da na bar aikin a kan in yarda da ƙofa ta biyu. Ku riƙe wannan: ƙofar da ba kowa ke bi ta cikinta ba, ita ake fara rufewa.

Kafin a buɗe na sa aka ɗauko Lawan daga Babura, kekensa ɗaure a saman mota. Ya hau gangaren tun daga hanya har ƙofa bai tsaya ba sai a wurin hutawa, don ya gwada shi. Ya shiga, ni da Malam Garba muna biye. Kafinta ya yi akwatuna masu gilashi a sama, a kan dogayen ƙafafu, an jera kayan a ciki. Lawan ya zaga ɗakin gaba ɗaya a hankali, ya dawo inda muke.

Malam Garba ya ce, "To, Malam Lawan, ya ka gani?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, katakon yana da kyau. Shi kaɗai na gani."

Sai Malam Garba ya tattara babbar rigarsa ya durƙusa a gefen keken, tsoho da shi, ya daidaita kansa da na Lawan, ya duba. Daga nan gefen akwati kawai ake gani. Bai tashi ba sai da ya sa aka kira kafinta, a gabanmu aka fara yanke ƙafafun. Ya kuma ware tebur ɗaya mara gilashi, ya ɗora akushi da ƙoshiya da guntun saƙi, ya ce wannan na makafi ne, su taɓa da hannu. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Shekara huɗu ɗakin yana aiki yadda ya kamata, ƙofa biyu a buɗe.

Da ya rasu sai aka kafa kwamiti. Wani abu ya ɓata daga kan teburin nan mara gilashi, aka ce ta ƙofar kudu aka fita da shi, aka kwashe teburin, aka sa wa ƙofar kwaɗo. Tunda ba a bi, masu babura suka ga wuri mai kyau na ajiya, maƙwabta suka ga wurin shanyar gyaɗa. Haka yake ko'ina, ba nan kaɗai ba. Na zuba gangare a wani ofis aka ɗora janareto a kansa. Na zuba a wata makaranta aka gina shago a bakinsa. In na je na yi magana, sai a ba ni kujera, a ce Baba an gode, za a duba. Yanzu in aka kira ni aiki nakan ce gangare za a fara fitarwa kafin matakala, in ba haka ba a nemi wani. Sau da yawa wanin ake nema, kuma cikinku ake samunsa. Ba na jin haushinku, kuna da iyali. Ina dai so in za ku zuba, ku ɗauki tef.

Watan jiya na biyo ta ɗakin Malam Garba da azahar, daga wani ɗan gyara, jakar kayan aiki a bayan keke. Na ga motar haya a tsaye, 'yan mata 'yan makaranta sun hau matakala suna leƙe ta ƙofar gaba, ba su shiga ba. A ƙasa, cikin rana, wata mata tana zaune a keken turawa, da littafi a cinyarta. Na tsaya na gaishe ta. Ta ce sunanta Malama Rabi, tana koyar da tarihi a wata makaranta a wajen Gwiwa, hatsarin mota ne ya zaunar da ita shekara uku da suka wuce. Ta yi sati tana shirya wa ɗalibanta wannan zuwan, an ce mata akwai hanyar keke.

Ta ce, "Hanyar ga ta nan, Baba. An ce mukullin yana hannun sakataren kwamiti, shi kuma ya tafi Dutse. Direba ya ce zai ɗauke ni a hannu ya hau da ni. Na ce a gaban ɗalibaina, a'a."

Na je wurin mai gadi, dattijo ne sa'ana, mun san juna. Na ce, "Malam Audu, kira masu baburan nan su janye."

Ya ce, "Ko sun janye, ƙofar fa?"

Na ce, "Ni na kafa ta."

Suka janye babura huɗu, na naɗe tabarmar gyaɗa na ajiye a gefe. Na hau da jakata. Kwaɗon babba ne, amma ƙarfen da aka rataya shi kusoshi huɗu ne kawai suka riƙe shi a jikin katako, kuma sun yi tsatsa. Na sa sukundireba, biyu suka fito, biyu sai da na sa kurfi. Malam Audu yana tsaye a kaina yana cewa wa zai amsa in an tambaya. Na ce ya ce Idi magini ne, gidana ba ɓoyayye ba ne. Ƙofar ta kumbura don daɗewa a rufe, na sa kafaɗa sau biyu kafin ta buɗe.

Malama Rabi ta ƙi a tura ta. Ta murza tayoyin da kanta, ta huta a tsakiya, ta yi kwana, ta shiga. Na zauna a bakin gangaren ina jin muryarta daga ciki tana yi musu bayanin masaƙa, tana tambaya suna amsawa. Sun fi awa ɗaya. Da suka fito ta tsaya kusa da ni, ta dubi ƙarfen da kwaɗon a ƙasa, ta dubi Malam Audu da ya riga ya tsince kusoshin yana riƙe da su a hannu.

Ta ce, "Baba, ka san gobe za su mayar."

Na ce, "Na sani, Malama. Gobe ma ina gari."